Ɗingishin Kawu Barau

Daga Samaru na ɗauko ta a jakar littattafai,
kamarar da ba ruwanta da kyan fuska.
Nisa kaɗai take tambaya:
daga nan zuwa goshinka nawa ne,
daga goshin zuwa bangon da ke bayanka fa?

Kawu Barau ya juya ta a hannu, ya ce,
wannan ai sandar makaho ce.
Na ce kusan haka, Kawu,
sai dai ita da haske take lalube.

Rana ta kore mu daga tsakar gida,
haskenta ya shanye na na'urar,
muka koma zaure bayan la'asar.
Na ce, yi tafiyarka kawai, daga ƙofa zuwa randa.
Ya yi.
Ƙafar hagu na jan ƙasa kaɗan
kamar yadda take yi tun shekarar da tarago
ya danne ta a tashar jirgin Sabon Gari.
Ina zagaya shi, ina riƙe numfashi,
hannuna bai daina rawa ba.

Da dare, bayan an dawo da wuta,
sai ga shi a allon kwamfuta, ɗigo-ɗigo,
kamar an sheƙa gero
iska ta tsayar da shi a siffar mutum.
Ba shi da baya.
Duk inda idon na'ura bai kai ba, rami ne.
Inda hannun riga ya gifta, haƙarƙari ya ɓace.
Baƙar hularsa ta haɗiye hasken,
daga kunne zuwa sama babu kowa.

Mako uku ina tsince motsi daga motsi,
wanne ne rawar hannuna, wanne ne tafiyarsa.
Zinatu ta leƙo daga teburinta ta ce,
ki kama bango, bango ba ya zuwa ko'ina,
abin da ya ci gaba da motsi shi ne kawunki.
Na kama bango.
Randa ta daina yawo.

Sai na'ura ta shiga cike ramuka da abin da ta haddace.
Jikuna dubu ta sani, na wasu mutane a wasu garuruwa,
masu ɗamammun kaya.
Ta aro masa gadon bayan wani,
ta aro masa ƙeya.
Rigarsa ta zaci tsoka ce, ta yi masa teɓa.
Wannan kam na yi dariya, na gyara.

Ranar Talata ya miƙe ya yi tafiya.
Na juya shi hagu, na juya shi dama,
na hango shi ta sama kamar shirwa.
'Yan ɗakin bincike suka taru suna tafi.
Ni na yi shiru.
Mutumin allo yana takawa daidai wa daida,
ƙafa biyu, lafiya lau.
Ta ɗauka ɗingishin kuskuren awo ne,
ta share.

Da kunya na kai masa a waya.
Ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe.
Ya ce, wannan ai Barau ne na kafin jirgi.
Shekara talatin da huɗu rabona da shi,
ashe yana nan.
Sake kunnawa.
Na sake.
Shayinsa ya huce a gefen tabarma.

Na ce zan gyara, Kawu, ba haka kake ba.
Ya ce gyara naki, ki bar mini nawa.

Yanzu biyu ne a ajiye.
Ɗaya yana wayarsa, yana zuwa randa ya dawo
ba gajiya, ba sanda.
Ɗayan ina kansa har yau, ƙarfe biyun dare,
ina mayar da jinkirin ƙafar hagu ɗigo bayan ɗigo,
ina koya wa na'ura abin da kunnena ya sani
tun ina kwana a ɗakin da ke jikin zaure,
da asuba, kafin a kira salla:
taku, ja,
taku, ja,
sannan ƙarar sakata.